Abin da ya hana potasiyam fita duka

Litinin, 3 ga Maris, 2025

An kafa sakamako. Fisiyoloji, darasin aikin sassan jiki, ta kayar da ni, talatin da takwas! Ni Lai'atu, da na ci kofin haddar aya sau uku a majami'armu. Malam Gershon mai koyar da mu ya ce za mu sake jarrabawar ranar sha biyu ga wata, da baki, a ofishinsa. In na sake faɗuwa sai maimaita shekara, hutun karatun da asibitinmu ya ba ni kuma a Satumba zai ƙare. Ina da shekara arba'in da ɗaya, ina zaune cikin sa'o'in 'yata Joanna, in koma ba takardar nas? Allah ya kiyaye.

Talata, 4 ga Maris

Na je wurin Malam Gershon da ƙarfina. Na karanto masa shafin ƙwayar jijiya daga ka, ko waƙafi ban tsallake ba. Ya yi dariya har da cire tabarau. Wai wannan ba Zabura ba ce. Wai in je in yi wa wanda bai taɓa shiga aji ba bayani da Hausa, in ya gane to na gane. Raina ya ɓaci, amma na ce na gode, Malam. Stella da muke benci ɗaya ta ara mini babban littafinta mai hotuna.

Alhamis, 6 ga Maris

Zafi kamar a gasa mutum. Ban buɗe komai ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na kama surukata, Mama Magdalene, tana yanka citta a tsakar gida, ba ta da wurin gudu. Na ce Mama, jijiya tana da 'yan ƙwayoyi, kowace da bangonta. Akwai gishiri iri biyu. Potasiyam ya yi yawa a ciki, sodiyam ya yi yawa a waje. In jijiya ba ta aika saƙo, ƙofofin potasiyam a buɗe suke, na sodiyam kusan duk a rufe. Sai potasiyam ya riƙa zurarewa waje inda babu cunkoso.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "To Maman Joanna, in ƙofa a buɗe take, me ya hana su fita duka?"

Na laluba haddata daga farko har ƙarshe, babu wannan layin. Ta ce kuɗin makaranta dai sun sha ruwa, ta miƙo mini wuƙa in taya ta yanka. Kai, tsohuwar nan!

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan sujada muka shiga ƙaramin ɗaki koyon waƙar zumuntar mata. Mun fi hamsin, fanka ta mutu. Masu goyo suka dinga ajiye jarirai a cinyar tsofaffi suna sulalewa waje shan iska. Da farko lafiya. Da aka fita da yawa sai kuka ya cika ɗakin, uwaye suka fara dawowa da gudu. Wasu na fita saboda zafi, wasu na shiga saboda kuka, yawan na waje ya tsaya cak.

Na tsaya da kacau-kacau a hannu, baitin ma ya ɓace mini. Ashe haka ne! Kowane potasiyam da cajinsa na lantarki, positib, yake fita. Manyan furotin masu negatib ba su iya wuce ƙofa, suna nan ciki. Yawan fita, yawan negatib a ciki, shi ke jawo potasiyam ya dawo. Inda turi da ja suka yi daidai, nan ake tsayawa. Sodiyam kaɗan da ke satar shiga shi ke ɗan rage negatib ɗin, cajin ciki ya zauna wajen saba'in ƙasa da sifiri. Wani famfo kuma a bangon ƙwayar yana ta aiki, uku na sodiyam waje, biyu na potasiyam ciki, don kada kowa ya ƙare a inda ba wurinsa ba.

A hanyar gida na faɗa wa Mama. Ta ce wannan ai kowace mai goyo ta sani, sai an je kwaleji?

Laraba, 12 ga Maris

Na shiga ofishin Malam Gershon. Na fara zubo hadda, ya ɗaga hannu. Sai na ce Malam, ka yarda in yi da Hausa? Ya gyara zama. Na gama, ya tambaye ni abin da zai faru in potasiyam ya ƙaru a jinin majinyaci. Ban taɓa ganin tambayar ba. Na ce ai waje ma ya cika ke nan, masu fita za su ragu, ciki ba zai kai negatib ɗin da ya saba ba. Ya ce in turo na gaba.

Jumma'a, 14 ga Maris

Sittin da huɗu! Na yi guɗa a gaban allon sanarwa, yara suna ta dariya, ko a jikina. Mama ta ce rabin makin nata ne, na saya mata tsire.

Stella ta nemi littafinta. Na ce mata na manta shi a gida, Ubangiji ya gafarta mini, yana cikin jakata. Babu wanda zai tambaye ni babi na gaba sai zangon badi. So nake kawai in ga abin da ke faruwa in ƙofar sodiyam ta buɗe.