Madarar Lauwali

Tungar Malam, farkon damina.

Zuwa ga ƙanena Sirajo, a wurin aikin dam, Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gajiya, ina aiki, ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan matarka Nafisatu, Ya raya abin da ta bari. Mahaifinmu Malam yana sa maka albarka.

Bayan haka, ruwan da kuka tare ya iso mu. Ya ci fadama, ya ci hanyar Maradun, ya zagayo ta bayan maƙabarta ya haɗe. Yanzu tungarmu tsibiri ce, ba shiga ba fita sai a kwale-kwalen Nagode mai fito. Ka gaya wa masu gidanka aikinsu ya yi kyau, ko ɗigo bai zurare ba.

Gwangwanayen madarar da ka aiko wa ɗanka Lauwali sun iso, har da bulunboti. Ya ƙi, ya ƙi, da yunwa ta ci shi ya karɓa. Rubutun jikin gwangwanin ba mai iya karanta shi a nan, da ido nake aunawa. Ka ce da ita Turawan kamfaninku ke renon 'ya'yansu. To madalla. Su dai kantinsu yana bakin ƙofa.

Zainabu matar Hamma Bafillace, da ke goyon ɗiyarta Gimbiya, ta yi tayin ta riƙa ba shi mama. Na faɗa mata saƙonka, cewa ɗanka ba zai sha nonon gidan da shanunsu suka cinye maka albasa ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Ka huta lafiya. Yayarka, Hadizatu.

Tungar Malam, tsakiyar damina.

Zuwa ga Sirajo.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina ruwa, ina fama da jama'a? Da fatan kana lafiya. Mu nan da godiya.

Labarin madara kake so, ga shi. Da farko duk ranar kasuwa Nagode kan zo da saƙonka. Daga baya ya koma tsallake kasuwa guda, don in iska ta taso ba ya shiga ruwa, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma da iyalinsa. Mai teburin Maradun ya daina kawowa, wai mutanen dam ke kwashewa tun daga mota. Ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu masu goyo, Umma da Taibatu, da nononsu ya ragu tun da hatsi ya yi wuya, sun ga bulunboti a hannuna sun sa rai, nakan ɗan tsakura musu. Kada ka yi mini faɗa, ba zan iya kallon jariri yana tsotsar hannu ba.

Sai na koma ƙara ruwa ina rage gari, har abin ya zama farin ruwa kawai. Rijiyarmu kuwa ta haɗe da tafki. Ina tafasawa in akwai itace, itacen ma yana ƙarƙashin ruwa. Madarar shanu da a da ake bin mu da ita gida-gida ta yi ƙaranci, ba makiyaya, shanun sun rame. Na gwada masa koko, cikinsa bai kai ba.

Lauwali yana zawo. Maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan mage. Ba ina faɗa don hankalinka ya tashi ba, kai ne ubansa, ya kamata ka sani.

Wassalam. Hadizatu.

Tungar Malam, ƙarshen damina.

Zuwa ga Sirajo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina kwana biyu, ina aiki? Malam yana gaishe ka, ƙafarsa da sauƙi.

Takardarka ta iso, na ji duk faɗan da ke ciki. Ee, gaskiya Nagode ya gaya maka. Ranar da yaron ya daina kuka gaba ɗaya, na saɓa shi na nufi rugar Hamma da rana tsaka, kowa yana gani. Ban yi shawara da kowa ba. Zainabu ba ta tuna mini maganar albasa ba, ta sauke Gimbiya daga cinya ta karɓe shi. Da ƙyar ya kama. Da ya kama kuwa, sai da aka ɓamɓare shi.

Ka ce nono yana ɗauko hali. Allah Ya sa, don na ga halin Zainabu. Ka ce a raba su tun abin bai yi nisa ba. Na kai wa Malam maganar, ya ce ai ya riga ya yi nisa: tsotso guda ya isa, Zainabu uwarsa ce a shari'a, Hamma ubansa ne na shayarwa, Gimbiya 'yar'uwarsa ce har abada. Ya ce in gaya maka kai ma ka karanta wannan babin a gabansa, sai dai in aikin kamfani ya mantar da kai.

Zawon ya tsaya. Lauwali ya fara kumatu, jiya har ya yi wa Malam dariya ya kama masa gemu.

Ka gaida abokan aikinka. Hadizatu.

Tungar Malam, kaka.

Zuwa ga ƙanena Sirajo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina sanyi, ina hidima? Allah Ya sa wagga takarda ta same ka cikin alheri.

Ciyawar tsibirin ta ƙare ƙaf. Hamma ya haɗa shanunsa, suka yi iyo suka haye, iyalinsa suka bi a jirgin Nagode. Sun yi kudu neman makiyaya, shi kansa bai san inda za su yada zango ba. Na aika maka ka zo ku yi magana, ka ce ba a ba ka hutu ba.

Lauwali yana bayan Zainabu. Ni na ɗora mata shi, na ɗaure majanyin da hannuna. Malam ya yarda, ya yi masa addu'a. Na auna, in ya zauna ga ni ga gwangwani ga ruwan tafki, na kuwa ga inda wannan hanyar take kaiwa. Hamma ya ɗauki alkawari a gaban Malam zai dawo da shi bayan yaye, tunda an ce za a tashe mu, duk inda gwamnati ta mayar da mu zai nemo mu. Na tsaya a bakin ruwa har jirgin ya ɓace, yaron barci yake, bai san an yi ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma ban yi nadama ba.

In ya dawo da Fillanci zai dawo, sai ka fara neman mai yi muku tafinta.

Saƙonka na ƙarshe ya iso washegarin tafiyarsu. Na raba wa Umma da Taibatu, na ajiye gwangwani guda a kan bango kusa da bulunbotinsa, ban fasa ba. Kada ka ƙara aikowa, babu mai sha.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Yayarka, Hadizatu.