Sunan Inna a Manazarta

Alhamis da dare, Yuli 2014

Yau Malam ya dawo mini da kundin bincikena. Bai taɓa komai ba sai shafin manazarta. Ya ce, "Inna ba suna ba ne. Sa cikakken sunanta, da shekarunta, da garin da kuka yi hirar, in ba haka ba ba zan sa hannu ba."

Ita ta ba ni labarin yadda gubar dalma ta kashe ƙanena Sani a ƙauyen Sunke. Tunda nake ban taɓa kama sunanta ba.

Na kira ta a waya. Ta ce, "Rubuta mana, ɗiyata. Sunan Sani fa, shina ciki?"

Na ce tsarin bai ba shi wuri ba. Ta ce to.

Na rubuta. Da na jera bisa haruffa, sunanta ya faɗo tsakanin Turawa biyu.