Inna, An Ce In Kwanta

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu zuwa wurin Ubangiji,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, cikin sunan Yesu. Ba zan tambaye ki lafiya ba, don inda kike babu ciwo. Mu a nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, ana kan cirar gyaɗa.

Inna, ina da ciki wata bakwai. Duk cikin da na taɓa samu babu wanda ya kai nan. Kin san yadda sauran suka tafi, ke kika dafa mini ruwan zafi a na farkon. Makon jiya ina sunkuye a gona na ga jini. Da muka je asibiti, nas ta dube ni ta ce in ina son yaron nan, in koma gida in kwanta. Ba daka, ba ɗiban ruwa, ba hawa babur. Ni Rifkatu, wai in kwanta da kaka!

Kin dai san 'yarki. Ran Talata ni ce mai buga tulu a zumuntar mata, ni ce mai ba da waƙa. Alhamis ziyarar marasa lafiya, Asabar sharar majami'a. In ana biki ko rasuwa, a nemi Rifkatu a bakin murhu. Aikin Ubangiji nake cewa, kuma ba ƙarya na yi ba. Sai dai addu'ar ma a guje nake yin ta, ina ɗaura zani ina cewa amin.

Ke kuwa in kin gama addu'ar safe, sai ki zauna kan kifaffen turmi a bayan rumbu, hannu a cinya, ki yi shiru. Awaki su yi ta kuka, ba ki motsawa. Na taɓa jin kina gaya wa ƙanwarki: "Ai in ka yi sallama, ka tsaya a amsa maka." A lokacin na ɗauka gajiya ce kike ɓoyewa.

Da matar fasto ta zo dubiya, ta ce to, yanzu na sami lokacin sauraron Allah. Na ce mata haka ne, Mama. Kuma na gwada, Inna. Na rufe ido, na kame bakina. Abin da na ji shi ne taɓaryar Hajiya Ladi ta bayan katanga, wadda kullum take aiko mini da kunu tun da na kwanta. Na jiyo mata suna koyon waƙar bikin godiya, matar da aka ba tuluna tana ta sakin kiɗa, hannuna yana bugun gefen gado yana gyara mata. Na ji tsoro yana yawo a ƙirjina. Shi Allah kam ban ji ko tarinsa ba.

Ban iya ba. Kin tafi ba ki koya mini ba, ni ma ban taɓa zama kusa da turmin nan in koya ba.

Shekaranjiya ina kallon rufin ɗaki sai kika faɗo mini a rai. Ni ce 'yar farinki, kunya ba ta bar ki kin kira sunana ba har kika koma. "Yarinyar nan" kike cewa, ko ki aiko wani ya kira ni. Ina ƙarama abin yana ci mini rai, har na yi zaton ƙannena kika fi so. Ranar da aka kai ni ɗakin miji kowa ya yi mini faɗa da nasiha, ke ko kallona ba ki yi ba. Sai da aka kwance kaya na tarar da zanin zuwa majami'arki, wanda kika fi so, a ƙarƙashin kwanuka. Lokacin ɓarina kuma kin yi kwanaki a ƙofar ɗakina kina ɓarar gyaɗa, ba ki ce komai ba, ba ki kuma tafi ba.

Shi ne nake tambaya, ko shirun Allah irin naki ne? Ko yana nan bakin ƙofa, ni ce ban waiwaya ba? Ina so in yarda. Wani lokaci in yarda, anjima kaɗan abin ya kuɓuce mini.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuta miki shi ne, tun safe yaron bai motsa ba. Shi da yake shurina da zarar na sha kunu. Na sha ruwan sanyi, na juya hagu, na juya dama, na kira shi. Maigida ya fita bakin titi neman mota tunda an hana ni babur, yau kuma ba ranar kasuwa ba ce, motar sai an dace. Babu abin da zan daka ko in dafa ko in rera da zai sa yaron nan ya motsa. Ban taɓa zama hannu wofi haka ba, Inna, kuma ina jin tsoro ƙwarai.

Rubutun nan ma na lura gudu ne. Yatsuna ne suke neman aiki don kada in ji yadda ɗakin ya yi tsit. Bari in ajiye, in ɗora hannu biyu a cikina.

Ya Ubangiji, ba ni da sauran magana. In ba za ka ce mini komai ba, to, amma ka taɓa yaron nan ya shure ni ko sau ɗaya. In kuma ba haka ka nufa ba, kada ka bar ni ni kaɗai a ɗakin nan.

Ki ci gaba da hutawa, Inna.

'Yarki,
Rifkatu