Hannun da Ya Taɓa Bakin Ƙofa

Villeurbanne, Litinin

Illiassou ɗana, don Allah aje abin da ke hannunka ka saurare ni yanzu. Ina gaida ka, ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Paris? Baraka mai tuwo ke rubuta mini, don ban yarda da tarho ba.

Mushe Zerbib, tsohon Bayahuden da nake ma aiki, ya mutu ran Asabar. Likita ya ce da matashin kai aka toshe mishi numfashi. Ka san Asabar ba su taɓa wuta, ni ke zuwa in kunna mishi. Makulli na hannuna, ni na iske gawar. Polis sun tsare ni har la'asar. Mutanensu kuwa cewa suke bare ne ya yi, suna faɗi suna kallona.

Na ga wani abu amma ban faɗa ba. Ina hawa bene gwiwata ta ƙi, na zamna a kwanar benen ina hutawa, sai wani mai baƙar riga ya fito daga ɗakin tsoho, ya haye sama. Ban ga fuska ba. In na faɗi a ce na ƙaga.

Limaminsu, Rabi Touati (Rabi suke ce ma limami), ya aiko yana son ganina. Ban san nufinshi ba. Ka yi mini addu'a.

Uwarka, Husainatu

Villeurbanne, Alhamis

Illiassou, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Na je wurin Rabin. Shayi ya ba ni, ban sha ba. Bai tambaye ni fuska ba. Ya kai ni bakin ƙofar marigayin, ya ce in fito yadda mutumin ya fito. Na fito, na ja ƙofa, na miƙa hannu sama na taɓa katako na kai yatsa baki, kamar yadda na ga ya yi. Wallahi sai da Rabin ya dafa bango.

Suna da wani ɗan kwano kamar laya a bakin ƙofa, mai shiga da mai fita sai ya taɓa ya sumbaci yatsa. Rabin ya ce bare ba ya yin haka, nasu ne. Kuma tun da tsoho ya koma keken guragu aka sauko da layar ƙasa, daidai hannunshi. Duk mai zuwa gidan ya sani. Inda na taɓa ramin ƙusa ne kawai. Ba mai taɓa nan sai wanda ya tashi a gidan, kuma ya daɗe bai zo ba. Mutum guda ne, Natan, ɗan ƙanen marigayin, wanda ya matsa a saida gidan, tsoho ya ƙi. Ya rantse ma polis yana Paris ran Asabar.

I, Natan ɗin da ƙanwarka Zuhura ke aiki a kantinshi na Paris.

Rabin ya ce in yi shiru, zai kai maganar inda ta dace, amma sai ya tabbata, don ba a ɗora ma mutum jini da gaggawa. Na yarda da shi, ban kuma yarda ba. Nasu ne fa.

Natan ya zo zaman makoki, ya gan mu a bakin ƙofar. Da na sauko ya biyo ni, ya kira ni Mama, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce Zuhura yarinyar kirki ce, ita kaɗai ke rufe mishi kanti, ya san ina sonta. Yana murmushi. Yau da safe ya shiga jirgin ƙasa ya koma Paris.

Baraka ta ce in kira polis. Zan kira, ko me za su yi mini. Amma kai kana gama karatun nan kada ka nemi Rabin, kada ka nemi kowa. Zuhura za ka fara gaya ma. Ka je da ƙafarka ka fiddo ta daga kantin nan.

Ina gaida ku duka. Uwarka, Husainatu