Sun Sallami Ja'afaru

Yaya Balaraba,

Azahar ta wuce, ruwan sama bai tsagaita ba. Na je asibitin masu taɓin hankali in kai wa Ja'afaru abinci, sai likita ya ce sun sallame shi, wani yaro na jiran gadon. Wallahi ban shirya ba. A gbaka, ƙaramar bas ta haya, na kawo shi, hannunsa cikin nawa har tashar Liberte. A bakin ƙofa ya ce, "Kawu, Mama za ta sake yi mini hayaƙi?"

Yanzu yana barci a ɗakina, Kande maƙwabciyarmu tana zaune kusa da shi. Don Allah in kin dawo kada ki kunna turaren malamin nan, ko mata sun matsa miki. Ranar da aka lulluɓe shi da bargo a kan kaskon turare ce ya fasa taga ya faɗa titi. In ya sake, mota za ta iya kaɗe shi. Tsoro nake ji, Yaya.

Na tafi unguwar Treichville neman maganinsa, a nan babu. Randarki na cika ta a famfo.

Abdulra'uf