Ƙaramin Zagayen da Ke Ƙarƙashina

Litinin, 3 ga Maris

Na raka Yaya asibiti. Kansar ta dawo, a ɗaya nonon yanzu. Na farkon tun bara waccan suka cire, safa take cusawa a wurin. Ni da ban daɗe da zuwa garin nan ba, ko motar da ake hawa ban gama ganewa ba, wai ni ne ɗan rakiya. A hanya ta ce, "Kai dai ka huta, auta, ba ka da abin yankewa." Muka yi dariya, sai kuma kowa ya juya yana kallon taga.

Alhamis, 6 ga Maris

Guga tun safe a shagon wanki da guga inda nake aiki. Bayana kamar ba nawa ba.

Laraba, 12 ga Maris

Yau likita ta ce in shigo ni ma. Ta ɗauko takarda tana zana danginmu, mace zagaye, namiji akwati. Inna zagaye, ta ja mata layi, wato ta rasu. Ƙanwar Inna ma haka. Ta ce wani abu ne a jini da ake gado, Yaya ta gada, shi ya sa ciwon ya sake fitowa.

Na ce, "Ni dai akwati ne, likita."

Ta ce ina da yara? Na ce ɗaya, Kumatu, ko tafiya ba ta fara ba. Sai ta zana ɗan ƙaramin zagaye a ƙarƙashin akwatina.

Wai namiji ma yana ɗauka, yana iya kamuwa, yana kuma ba 'ya'yansa. Rabi da rabi ne, ko na gada ko ban gada ba. In ban gada ba, yarinyar ta tsira daga wajena. In na gada, sai ta girma a duba ta da wuri. Jini kawai za su ɗiba. Na ce zan yi tunani. Ni har yanzu ban gane yadda mutum zai ba da abin da ba shi da wurin ajiye shi ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na yi kuskuren faɗa wa mai shago. Ya ce, "To gobe ka zo da rigar nononka a sa mata sitaci." Duk shagon aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ya zan yi. Na ƙona kwalar wata farar riga.

Lahadi, 23 ga Maris

Maganin yana sa Yaya amai, gashi duk ya zube a matashi. Ina wanke bokiti ta ce, "Auta, ni ba wanda ya faɗa mini. Kai an faɗa maka." Ban juyo ba. Na sake wanke bokitin.

Talata, 25 ga Maris

Matata ta ce me nake ta kallo a jikin yarinyar nan. Na ce ba komai. Na gaji.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na ce wa mai shago zan je sayo sitaci. Layin asibitin ba tsawo. Allurar ma ba zafi. Sun ce sakamako sai bayan wasu makonni. Ba wai na yarda da zancen ba ne, hanya ce ta bi da ni.

Da yamma Kumatu ta ɓare filastar hannuna za ta kai baki. Uwarta ta ce me ya same ni. Na ce dutsen guga ne.

"Dutsen guga a lanƙwasar hannu?"

Gobe zan zana wa matata, zagaye da akwati, yadda likita ta yi.

Sitacin ma na manta.