Na Sa wa Kwamfutarmu Ruwa, Nura

Zuwa ga aminina Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya a duk ƙasar da kake, ina sanar da kai cewa mutanen Augie suna lafiya, an cire albasa, ni kuma na kammala karatu. Na rubuta ta a fili ne, inda kowa zai karanta, domin ba ni da adireshinka. Lambarka ta daina shiga tun kiran da ka yi mini daga Agadas, shekara biyu da wata uku ke nan. Wataƙila wani da ya san ka ya gani, ya kai maka.

Kwamfutar da muka haɗa da hannunmu tana nan a ɗakina na Gwadangaji, kan teburin da muka tokare wa ƙafa da kwali. Ka tuna yadda muka tara kayanta ɗaya bayan ɗaya, har hutu uku. Ni na riƙe takardar bayani ina karantawa, kai kana ɗaure kusoshi tun ban kai ƙarshen layi ba. Ka ce mini, “Kai ko shayi sai ka auna zafinai kahin ka sha.” Har yanzu haka nake.

Ga dalilin wasiƙar. Ka san wasan nan da muke yi tare, ni a wannan kwamfuta, kai a ƙaramar taka da ka tafi da ita. Sunanka yana nan a jerin abokan wasana. Idan mutum ya shigo, ɗigon da ke gefen sunansa yakan zama kore, idan ya fita ya koma toka. Wasan ba ya ajiye saƙo, ba ya kuma nuna ranar da mutum ya leƙo. Sai dai ku haɗu a ciki.

Wata Talata cikin bazarar nan, ƙarfe biyu da minti arba'in na rana, ɗigonka ya zama kore. Da idona na gani. Na fara rubuta “Nura, kai ne?” Ban kai ga aikawa ba kwamfutar ta mutu. Ba wuta aka ɗauke ba, batirin hasken rana a cike yake. Zafi ne. Idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri ɗari takan kashe kanta don kada ta ƙone, kuma kusan kullum haka take yi tsakanin azahar da la'asar. Minti goma sha ɗaya na yi ina yi mata fifita da murfin kwano. Da ta tashi, ɗigonka toka ne.

Kuskuren da na yi shi ne na gaya wa Inna, mahaifiyarka. Ranar Juma'a na hau mota na bi ta Argungu na je Augie, na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida, na ce mata ka leƙo. Ban ce wataƙila ba. Ni da ba na faɗin abu sai na tabbatar, ranar na manta da wataƙila. Ta ajiye faifan, ta daɗe tana kallona. Tun daga ranar duk Juma'a sai ta sa an kira mata ni, tambayarta kuma ɗaya ce: “Ɗan nan, mi kag gani?”

Shi ya sa na yanke shawarar sa wa kwamfutar ruwa. Fanka kaɗai ba ta iya mata a garin nan. Na aika aka kawo mini kayan daga Legas: farantin jan ƙarfe da ake ɗorawa kan ƙwaƙwalwar, ƙaramin famfo mai tura ruwa, tiyo, tanki kamar kofin shayi, da lagireto irin na mota amma ƙarami. Ruwa ya ratsa farantin ya ɗauki zafi, ya kai lagireto, fankoki su hure shi, ya dawo. Ban sa ruwan burtsatsenmu ba, ka san farin dattin da yake bari a gindin butar shayi. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir na saya, sai da na tambayi mai shagon sau uku ko ba mai asid ba ne, har ya ji haushi.

Da na zo tada famfon sai na tsaya. Na tuna ranar da ka kai ni fadamarku, kana ɗura wa injin ban ruwa ruwa da gwangwani kafin ka ja igiya. Ka ce, “Ba a tada inji da ƙishi, ƙonewa shikai.” Na cika tankin, na karkata akwatin kwamfutar hagu da dama har iskar da ke cikin tiyo ta gama fita. Na bar famfon shi kaɗai yana aiki kwana ɗaya cur, sauran kayan a kashe, da farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa. Ko ɗigo bai zuba ba. Na so a ce kana nan ka yi mini dariya.

Ruwan ba ya yin abin da randar Inna take yi. Ita randa takan sanyaya ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi. Wannan ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba, ɗakina kuwa yakan kai arba'in da ɗaya da rana. Duk da haka ya isa. Mafi zafin da ta kai tun ranar shi ne saba'in da takwas. Ba ta sake mutuwa ba ko sau ɗaya.

Yau kwana talatin da huɗu ke nan da sa mata ruwan, Nura. Ina kunna ta bayan asuba, ba na kashewa sai batir ya ƙare. Na ƙure ƙarar da take yi idan aboki ya shigo, ko ina bakin famfo ina alwala zan ji. Ɗigonka bai canza ba.

Da can, idan Inna ta kira, ina da abin faɗa. Nakan ce na'urar ce take mutuwa da rana, mai yiwuwa ka shigo ba ta kunne. Ni ma da wannan nake rarrashin kaina. Yanzu da hannuna na gyara ta, na toshe wannan mafakar. Akwai sa'o'in da batir ba ya kaiwa, na sani, amma zuciyata ta ƙi jingina da su. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Ƙaramar kwamfutarka tana shiga wasan da kanta da an buɗe ta, ni na saita maka haka. Duk wanda ta faɗa hannunsa, idan ya kunna ta inda akwai intanet, ɗigonka zai yi kore. Na san da wannan tun ranar Talatar. Na san da shi lokacin da nake zaune gaban Inna.

Takardar bautar ƙasa ta fito, saura mako biyu in tafi sansani. Babu wanda zan bar wa gadin ɗigo. Zan zuke ruwan in busar da tiyon, don ruwan da ya daɗe a tsaye gansakuka yake yi, in rufe ta da zane.

Jibi Juma'a. Ba zan jira kiranta ba, da kaina zan je. Zan gaya mata abin da na gani daidai yadda yake: ɗigo kore, na ƙasa da minti ɗaya, ban san hannun wa ba. Ban san yadda zan kalle ta bayan haka ba.

Idan kana raye, ɗan'uwana, ba sai ka yi mini bayanin komai ba. Ka shigo ko da minti ɗaya ne kafin in zuke ruwan. Wannan karon ba za ta mutu ba, na auna.

Allah Ya tsare ka inda kake, Ya shayar da kai idan kana jin ƙishi, Ya haɗa ka da masu tausayi. Idan kuma ka riga mu, Allah Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba Inna juriyar abin da zan kai mata. Amin.

Naka har kullum,
Sanusi
Gwadangaji, Birnin Kebbi